Guzurin Mai Yini a Sama

 A makon nan za mu ajiye zancen girki da ɗinki, mu yi tafiya mai nisa zuwa wata ƙasa ta kudu maso yammacin Afirka da ake kira Namibiya. Akwai wata gona a can, a bakin hamadar Kalahari, inda maza da mata sukan shiga wani irin jirgin sama su yini suna shawagi kamar shirwa, ba ƙarar inji, ba hayaƙi. Abin da nake so ki gani shi ne yadda suke tsare kansu daga ƙishirwa, da yunwa, da ƙarancin iska, da zafin rana, domin a kan waɗannan huɗu ne ransu ya rataya.

Namibiya ƙasa ce mai faɗi, ta kusa kai girman Nijeriya, amma mutanenta duka kamar miliyan 3 ne. Jamusawa sun mallake ta daga 1884 zuwa 1915, sa'an nan ta koma hannun Afirka ta Kudu, ba ta sami mulkin kai ba sai a 1990. Shi ya sa gonakinta da yawa ke da sunayen Jamusanci. Gonar da za mu, sunanta Bitterwasser, watau ruwa mai ɗaci. Sunan kaɗai ya isa ya gaya miki halin wurin.

Idan kin tashi daga Windhoek, babban birnin ƙasar, sai ki nufi kudu maso gabas, tafiyar kamar kilomita 170. Kwalta takan ƙare a hanya, a hau hanyar burji. Za ki ga tuddan jan rairayi sun miƙe layi-layi, da busasshiyar ciyawa, da itatuwan ƙaya. A kan wasu itatuwan akwai sheƙar waɗansu 'yan tsuntsaye da ke taruwa su saƙa gida guda babba, sai ka ce jinkar ɗaki aka ɗora wa itace. Za ki ga jimina, da mariri mai dogayen ƙahoni, da garken tumaki. Gida da gida kuwa, sai a yi tafiya mai tsawo ba a ga ko hayaƙin murhu ba.

Mutanen da suka fara zama a wannan hamada, waɗanda ake kira San, sun daɗe da sanin darajar ruwa. Sukan huda ƙwan jimina su cinye, su cika ɓawon da ruwa, su toshe bakin, su binne cikin rairayi domin ranar da za a nema a rasa. Sukan kuma sha ruwan wata guna ta daji. Ki riƙe wannan a ranki, gama dabarar matuƙan da za mu gani ita ce dai wannan ta San: a tanadi abu tun ba a bukace shi ba.

A tsakiyar gonar akwai wani busasshen tafki, faƙo ne shimfiɗaɗɗe, kewayayye kamar faifai, faɗinsa wajen kilomita 3. Ko ta ina iska ta taso, jirgi yana da wurin tashi da wurin sauka. Wajen 1960 ne mai gonar, wani manomi da ake kira Peter Kayssler, ya fara tashi da jirgin shawagi daga wannan faƙo. Yanzu kowace shekara, daga Nuwamba zuwa Janairu, matuƙa sukan zo daga Turai da sauran ƙasashe. Jiragensu ana kwance musu fukafukai, a zuba cikin kwantena, a kawo ta teku. Lokacin da muke fama da hunturu, su can bazara ce. Gonar kuma tana kusa da wurin da rana ke tsayawa tsakar ka a watan Disamba, har mutum ya nemi inuwarsa ya same ta ƙarƙashin ƙafafunsa. Akwai wata doguwar hanya a gonar da aka jera wa itatuwa dangin dabino. Al'adarsu ce, wanda ya yi wata babbar bajinta a sama, a dasa masa itace guda.

To, yaya jirgi ke yini a sama ba da inji ba? Kin sha ganin ungulu ko shirwa da hantsi, ta shimfiɗa fukafukai tana kewayawa, tana ƙara nisa, ba ta kaɗa fiffike ko sau ɗaya. Dalili shi ne, idan rana ta gasa ƙasa, iskar da ke kanta takan yi ɗumi ta tashi sama kamar tururin tukunya. Guguwar nan da kike gani tana murɗa ƙura da kara, gindin irin wannan iska ce. Jirgin shawagi, wanda Turawa ke kira gilaida, shi ma cikin iskar yake shiga ya yi ta kewayawa har ta ɗaga shi kusa da gindin girgije. Daga nan sai ya miƙe yana gangarowa a hankali, har ya riski wata. Fukafukansa sirara ne, dogaye, daga wannan baki zuwa wancan mita 15, ko 18, ko fiye. Mai kyau daga cikinsu, in ya gangaro mita 1, ya ci mita 50 gaba. Wasu jirgi mai inji ne ke jan su da igiya ya kai su sama ya saki. Wasu kuwa suna da ɗan ƙaramin inji da ke tashinsu, sa'an nan a kashe shi a naɗe cikin jikin jirgin.

Da wannan dabara ake cin nisa mai ban mamaki. A 1964 wani Ba'amurke, Al Parker, ya zama na farko da ya haura kilomita 1,000, ya tashi daga jihar Teksas ya sauka a Nebraska. A 1972 Hans-Werner Grosse ya tashi daga Lübeck ta Jamus ya sauka a Biarritz ta Faransa, kilomita 1,460. A 2003 Klaus Ohlmann ya yi fiye da kilomita 3,000 a yini guda a kan duwatsun Andes na Ajantina. Mata ma ba a bar su a baya ba. Anne Burns, 'yar Ingila, ita ce mace ta farko da ta ƙetare tekun da ke tsakanin Ingila da Faransa cikin jirgin shawagi, a 1957. Tun 2001 kuma mata suna da gasarsu ta duniya. A Bitterwasser, tafiyar kilomita 1,000 ta zama abin da ake yi a kai a kai, takan kuwa ci awa 7, ko 8, ko fiye.

Yanzu ki ɗauka ke ce za ki shiga jirgi mai kujera biyu. Wurin zaman bai fi kwamin wanka faɗi ba. Kishingiɗe za ki yi, da laimar sauka goye a bayanki, an ɗaure ki da ɗamara ta kafaɗu da ƙugu, an rufe ki da murfi garai-garai kamar gilashi. Ba miƙewa, ba juyawa, ba wanda zai miƙo miki ko kofin ruwa. Abin da kika shiga da shi, shi ke nan guzurinki har faɗuwar rana. Ba a fafe gora ran tafiya.

Mu fara da ruwa. Kafin a tashi, mutum ya riga ya yi gumi wajen shirya jirgi a kan faƙo, inda zafi kan kusa kai digiri 40. Da an rufe murfi kuma, ciki ya zama kamar tanda har sai an yi nisa. Can sama iska busasshiya ce ƙwarai, kowane numfashi yana fita da ruwan jiki, gumi kuwa yana bushewa tun ba a gan shi ba. Masana sun nuna cewa idan mutum ya rasa ruwan da ya kai kashi 2 cikin 100 na nauyinsa, hankalinsa ya fara raguwa. Ga mace mai nauyin kilo 60, wannan bai fi lita ɗaya da 'yan kai ba. Sai ciwon kai, da kasala, da saurin fushi, da jinkirin yanke shawara. Mafi muni, waɗannan sukan taru ne da yamma, daidai lokacin sauka, lokacin da aka fi bukatar natsuwa.

Saboda haka matuƙiya takan fara shan ruwa tun daren jiya, ta guji giya, ta rage gahawa. A cikin jirgi tana da wata jakar roba mai cin lita 2 ko 3, kamar salka, an saka ta bayan kujera, da siririn tiyo da ya zagayo kusa da bakinta. Takan kurɓa kaɗan-kaɗan, a kai a kai, ba ta jiran sai ƙishirwa ta kira ta, domin ƙishirwa makararren ɗan aike ce. Wasu sukan zuba ɗan garin gishiri da sukari irin na masu wasanni cikin jaka guda, don mayar da gishirin da gumi ya fitar. Kwalba mai murfi ba a so ƙwarai, gama in murfin ya suɓuce ya faɗa ƙasa, yana iya shiga cikin ƙarafan tuƙi ya cije su.

Na san tambayar da ke ranki, kunya ce ta hana ki yi. Wanda ya sha ruwa haka, ina zai zaga? Wannan magana ce babba, kada ki raina ta. Matuƙa da yawa sun cuci kansu da ƙin shan ruwa don gudun fitsari. Maza suna da jaka ko tiyo da aka yi domin wannan. Mata kuwa galibi sukan sa wani ƙyalle mai tsotse ruwa, irin wanda ake sa wa majiyyaci a asibiti, wasu kuma suna da ɗan mazurari da aka ƙera musu. Riƙe fitsari awa da awa yana raba hankali, kuma in aka yi mummunar sauka, cikakkiyar mafitsara tana iya fashewa. Launin fitsarin ma ma'auni ne. In ya yi fari-fari, ruwa ya wadata. In ya yi ja kamar shayi, jiki yana kuka.

Wani abin dariya, jirgin kansa yana ɗauke da ruwa cikin fukafukansa, wani har lita 200. Nauyin yana sa shi ya fi gudu a rana mai ƙarfin iska, kafin sauka kuma a buɗe a zubar, ki ga ya ja farin wutsiya a baya. Amma matuƙiya ba ta iya kaiwa gare shi tana sama. Don haka ban da ruwan sha na hanya, akan ajiye wani daban da ba a taɓawa. Idan iska mai ɗumi ta ƙare, injin kuma ya ƙi tashi, dole a sauka inda aka samu, a wani faƙo ko filin wata gona. A irin wannan ƙasa ana iya kwana kafin taimako ya iso. Ka'ida ita ce a zauna kusa da jirgi, a fake a inuwar fiffike, domin jirgi ya fi mutum sauƙin hangowa daga sama.

Sai abinci. Hausawa sun ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Mai tuƙi ba ta ɗaga kaya, amma ƙwaƙwalwarta ba ta hutawa. Tana duban gizagizai, tana lissafin nisa, tana lura da sauran jirage. Da safe takan karya kumallo sosai, da abin da ke daɗewa a ciki, ban da mai maiƙo da yawa. Guzurin sama kuwa sai wanda hannu ɗaya zai iya kaiwa baki, gama ɗaya hannun yana kan sandar tuƙi. Akan ɗauki ayaba, da tuffa da aka yanka ƙanana, da gyaɗa, da busassun 'ya'yan itace, da ɗan burodi. Mutanen Namibiya suna da wani busasshen nama da suke kira biltong, ɗan'uwan kilishi ne, sai dai ya fi shi kauri, yana kuma da gishiri, saboda haka mai cinsa sai ta ƙara shan ruwa. Cakulan narkewa yake yi ya ɓata hannu. Alewa da kayan zaƙi sukan ba da ƙarfi na ɗan lokaci, sa'an nan su bar mutum da kasala. Kaɗan-kaɗan ake ci, kamar kowace awa ɗaya ko biyu.

Akwai kuma abincin da ake gudu tun jajibiri, watau wake, da kabeji, da lemon kwalba mai gas. Dalili kuwa, iskar da ke cikin hanji kumbura take yi in an yi sama. A tsawon mita 5,500 takan ninka girmanta. Abin da a ƙasa ɗan kumburin ciki ne, a can sai ya zama murɗa mai hana sukuni.

Wannan ya kawo mu ga na uku, wanda ya fi sauran haɗari. Iskar da muke shaƙa, kashi 21 cikin 100 nata ne oksijin, shi ne kuwa abin da jini ke ɗauka ya kai wa ƙwaƙwalwa. Ko'ina kason ɗaya ne, amma da ana hawa iskar tana yin shara-shara, har a mita 5,500 numfashi guda yakan kawo rabin abin da yake kawowa a bakin teku. Bitterwasser kanta tana kan tudu, fiye da mita 1,200, a rana mai kyau kuma gindin girgije yakan kai mita 5,000. Dokar Amurka ta ce matuƙi ya sa oksijin in zai wuce minti 30 sama da ƙafa 12,500, in kuwa ya haura ƙafa 14,000, watau kamar mita 4,300, kada ya cire ko kaɗan. Masu hankali da yawa sukan sa tun daga mita 3,000.

Mugun halin ƙarancin oksijin shi ne ba ya zuwa da ciwo. Sau da yawa daɗi mutum yake ji, ya ga komai daidai, ya yi ta murmushi, alhali lissafin da yaro zai yi ya gagare shi. Sai hamma, da jiri, gani ya ƙuntata, gindin farce da cikin leɓe su yi shuɗi-shuɗi. A ƙafa 18,000 mutum yana da kamar minti 20 zuwa 30 kafin hankalinsa ya daina amfani. A ƙafa 25,000 kuwa minti 3 ne zuwa 5. Wanda abin ya kama shi ne na ƙarshe da zai sani.

Maganin abin, akwai wani tulun ƙarfe a bayan kujera cike da oksijin. Daga shi siririn tiyo ya fito mai baki biyu, ana saƙala shi a hanci, irin wanda kika gani a asibiti. Wata 'yar na'ura tana tsakani, da an ja numfashi sai ta fesa kaɗan, don haka tulu guda yakan kai yini. Wannan tiyo yana aiki har ƙafa 18,000, sama da nan sai abin rufe hanci da baki. Akan kuma maƙala wata na'ura a yatsa mai nuna yawan oksijin cikin jini. In lamba ta sauka ƙasa da 90, a ƙara iska ko a gangaro. Sai dai a lura, jan farce mai duhu da baƙin lalle suna iya ɓata lissafinta, likitoci kuma sun gano cewa a kan baƙar fata takan nuna lamba sama da gaskiya kaɗan. Wani gargaɗin da ya shafe mu mata, oksijin da maiƙo ba sa ga maciji. In suka haɗu wuta tana iya kamawa. Saboda haka ban da basilin, ban da man leɓe mai maiƙo a kusa da tiyon hanci.

Na huɗu ita ce rana. A nan akwai yaudara. In iska tana tashi daga ƙasa, takan yi sanyi da kusan digiri 1 kowace mita 100. Wadda ta bar faƙo cikin zafin digiri 38, in ta kai gindin girgije sai ta iske sanyi kusa da na ƙanƙara, yatsun ƙafarta su ƙage. Jin sanyin nan yakan sa a manta da rana, alhali ƙarfin haskenta mai ƙuna yana ƙaruwa da kamar kashi 10 cikin 100 kowace mita 1,000. Murfin jirgi yana tare wani abu daga ciki, amma ba a dogara da shi, ga shi kuma an riga an sha rana a ƙasa tun safe.

Don haka za ki ga matuƙa da riga mai dogon hannu, da dogon wando mara nauyi, da safa da takalmi rufaffe saboda sanyin sama. A ka, farar hula mai ɗan gajeren baki kewaye, wadda ke rufe kunne da ƙeya. Malafa mai faɗi ba ta yi ba, gama tana hana ganin jirgin da ke sama da kai. Hula mai maɓalli a tsakar ka ita ma ba a so, domin in iska ta jijjiga jirgi, kai ya bugi murfi, maɓallin yana iya ji wa mutum ciwo ko ya tsaga murfin. Akan shafa man kare fata mai lamba 30 ko 50 a wuya, da kunne, da bayan hannu, amma a bar goshi ga hula, kada gumi ya wanko man cikin ido ana tsakiyar tuƙi. Sai baƙin tabarau na kirki. Kada ki ce wannan damuwar farar fata ce. Gaskiya baƙar fata ta fi jure rana, amma ita ma tana ƙuna, ido kuwa ba ruwansa da launin fata. Yawan hasken nan yana cikin abubuwan da ke kawo yanar ido.

Ki lura kuma, huɗun nan suna taimakon juna wajen cuta. Rana tana jawo gumi, rashin ruwa yana kawo ciwon kai, yunwa tana ƙara jiri, ƙarancin oksijin kuma yana sa a manta da sha da ci. Shi ya sa gwanaye ba sa jiran jiki ya yi ƙara. Agogo suke bi, lokaci ya yi a kurɓa, lokaci ya yi a ci, a dubi yatsa, a dubi tulu. Wadda kuma ta tashi da mura, ko ba ta sami barci ba, takan haƙura da tashi ran nan, ko da sama ta yi kyau kamar me. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Da la'asar sakaliya, in ƙasa ta fara hucewa, iska mai ɗumi takan mutu. Sai ki ga jirage suna dawowa ɗaya bayan ɗaya, farare, ba ƙara sai ɗan fito, suna zubar da ruwan fukafukai a kan jan rairayi, su sauka kan faƙo kafin duhu. Wadda ta buɗe murfi ta fito da ƙafafunta, ta yi tafiyar kilomita 1,000, ba ƙarfin damtse ne ya kai ta ba. Tanadi ne, da tsare lokaci, da rashin raina ƙananan abubuwa.

To, uwargida, watakila ba za ki taɓa shiga jirgin shawagi ba, amma kina aika yara makaranta cikin rana, kina kuma yin doguwar tafiya a mota, inda mata da yawa ke ƙin shan ruwa don kunyar tsayar da direba. Ki cika musu gora tun da safe, ke ma ki sha naki. Ke kuma 'yar makaranta, ki riƙe lissafi da kimiyya da kyau, domin da su ne waɗannan mata ke karanta sama. Allah Ya ba mu lafiya, Ya kai mu mako mai zuwa. Wassalam.